Fayafayan Baba Suna Korar Tsuntsaye a Mayo Bani

Anti Saude, ki taimake ni don Allah, kwana goma kacal suka rage mini kafin babana ya dawo gida. Na san filin nan naki na matsalolin aure ne da zaman gida, tawa kuwa ta kwamfuta ce, amma ki daure ki karanta zuwa ƙarshe, za ki ga ba ƙarfen ne ya hana ni cin abinci ba.

Babana mai buga kati ne a Lamorde, nan Mubi. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake duk wanda ya taɓa yanka ragon suna a unguwarmu ya riga ya gane shi. A 1999 ya sayi wata farar kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, da Windos 98 a kanta da wata manhajar zana kati mai furanni da tattabaru. Ita ta ciyar da mu, ita ta kai mu makaranta mu shida. Katin aure, katin suna, na Musulmi da na Kirista, duk ta cikinta suka fito. Muna yara har kishi muke yi da ita, don kullum da safe sai Baba ya goge ta ya lulluɓe, mu kuwa ko an yi mana wanka ko ba a yi ba bai tambaya. Kuma yana da wata ɗabi'a, bai taɓa share kati ko ɗaya ba. Kowanne yana nan a ajiye da sunan uban yaro da shekara.

Shekarar da 'yan ta'adda suka sa muka gudu daga Mubi, kowa na neman takalminsa, Baba yana garken awaki yana haƙa rami. Ya naɗe ta da buhunan taki da tsohuwar tabarma ya binne. Da muka dawo ko cokali ba mu tarar a gidan ba, amma da ya tono ta ya kakkaɓe ya ba ta wuta, sai ta tashi da ɗan kiɗan nan nata. Ranar na fara ganin hawayen babana.

Daga nan aikinta ya sake. Mutane da yawa takardunsu sun ƙone ko sun ɓace. Uwa ta san da damina ta haifi ɗanta, shekarar da mayo, wato kogi, ya cinye musu masara, amma masu katin ɗan ƙasa da masu rajistar jarrabawa rana da wata suke so. Sai a zo wurin Baba. Ya nemo katin sunan yaron, ya cire kwana bakwai daga ranar suna, ga ranar haihuwa ta fito. Ba ya karɓar komai sai addu'a, da ɗan kunun gyaɗa idan an matsa masa.

To, shekara biyu ke nan yanar ido ta rage masa gani, har sai ya kusa manna hancinsa da gilashin kwamfutar kafin ya karanta. Watan jiya yayata ta tafi da shi Yola aka yi masa aiki, ido ɗaya bayan ɗaya, yana can gidanta yana jinya. Ni kuma da kaifin basirata na ce bari ya dawo da sabon ido ya tarar da sabon shago. Na sa aka yi fenti, na fitar da tarkace. A cikin durowa na ga wata leda cike da tsofaffin fayafayan sidi, sun kai ashirin. Ranar kuwa Kawu Adi, ƙanen innarmu, ya zo daga Mayo Bani yana kukan tsuntsaye za su ƙarar masa da dawa. A wurinmu faifai ake ɗaurewa da zare a rataya a gona, in ya ƙyalla da rana tsuntsu ya tsorata. Na miƙa masa ledar gaba ɗaya har yana sa mini albarka, kwalayensu kuma na zuba a shara.

Ban tsaya nan ba. Na ɗauki kwamfutar na kai wa Joel, abokin mijina mai gyara a kasuwa, na ce ta cika nawa, ya mayar mini da ita sabuwa. Kada a ɗauki alhakinsa, sau biyu yana tambaya ta ko na tabbata. Na ce gidanmu ne, na san abin da nake yi. Ya kwashe katunan a filashi, ya yi mata fomat, wato ya share duk abin da ke cikinta, ya ɗora wani Windos da ya fi na da sabunta.

Ranar Talata maƙwabciyarmu Aisatu ta zo neman ranar haihuwar 'yarta, za a rufe rajistar jarrabawa ƙarshen wata. Na zauna a kujerar Baba ina ji da kaina, na danna katin, sai ga wasu birkitattun haruffa kamar kaji sun yi tono. Na danna wani, haka. Joel ya gwada manhaja huɗu, babu wadda ta buɗe. Ya ce katunan ba su san kowa ba sai manhajar da ta haife su, ita kuma ba ta zama sai a kan tsohon Windos ɗin, in kawo masa fayafayan asali. Anti, fayafayan asali suna can suna lilo a kan dawar Kawu Adi, sati uku ke nan rana na dukansu. Garin neman gira na rasa ido.

Mijina Sulaiman ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sai da ya ga fuskata ya daina. Shawararsa ita ce mu rufa wa kanmu asiri. Wai akwai wata manhaja, emuleta, mai kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa. Su da Joel za su yi ta gwaji a kwamfutar Joel har su gano yadda komai yake a da, su mayar wa ta Baba, shi ke nan ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ya ce tsoho mai hawan jini da aka yi wa aiki ba a kai masa irin wannan labari.

Amma Baba yana kira na kullum bayan la'asar. Sai ya fara tambaya ko an lulluɓe kwamfuta, sannan ya tambayi lafiyata. Ina ce masa komai lafiya, kuma ban taɓa yi masa ƙarya ba sai yanzu. Ni ce 'yar lelensa, ni ya bar wa makulli ba yayyena maza ba. Jiya ya ce abin da ya ƙosa ya gani shi ne rubutun gilashin nan daga nesa, yana jingine kamar da. Na kashe waya na yi kuka. Ina son tsohon nan fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma tsorona shi ne ya buɗe sabon idonsa a kan ɓarnata. In ɓoye ko in faɗa? Kuma katunan mutane za su dawo kuwa?

'Yar Mai Kati, Lamorde, Mubi

*

'Yata, share hawayenki. Na yi dariya a wurin dawar, ki yafe mini, sannan na kai wasiƙarki ɗakin tsara shafi wurin Malam Emmanuel, wanda ya tsufa a gaban irin kwamfutar babanki. Hukuncinsa shi ne katunan ba su mutu ba, ƙofarsu ce a kulle.

Yau ɗin nan ki kwafi filashin a wuri biyu ko uku, ɗaya ya kwana a wani gida. Kwamfutar kuma a daina kunna ta, don fomat ba ya cinye komai nan take, amma duk kunnawa tana ƙara take abin da ya saura. Joel ya cire faifan cikinta, wato ma'ajiyar bayananta, ya yi kwafinsa ɗungurungum ya ajiye. Gobe ki hau mota zuwa Mayo Bani, ki riƙe wa Kawu wasu fayafayan banza a madadi, don manomi ba zai sauke masu gadinsa ana gab da girbi hannu rabbana ba. Ki ƙirga su, har da ƙananan da ba ki ɗauka a bakin komai ba, sau da yawa su ne ke sa firinta da gilashin kwamfutar aiki. A wanke da ruwa da ɗan sabulu, a goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, kuma a yi hattara da gefen rubutu, shi ne mai rauni. Wanda duk ya karantu a kwafe shi nan take. Wanda rana ta kashe, a zaga tsofaffin shagunan buga takardu na garinku, da wuya a rasa mai irinsa a durowa.

Sulaiman yana da rabin gaskiya. Emuleta dabara ce mai kyau, a can ya kamata a yi gwaji, a kan kwafi, inda kuskure ba ya ɓata komai. In manhajar katin ta zauna, a fara da na Aisatu, don rajista ba ta jiran kowa. Damuwarsa da jinin surukinsa ma ba abin rainawa ba ce, saboda haka ki fara tambayar yayarki yadda jikin yake.

Rabin da bai da gaskiya shi ne ɓoyewar. Mutumin da ya fi shekara ashirin da biyar a gaban abu zai gane an taɓa shi kafin ya gama zama, kuma a ranar za ki zama mai laifi biyu. Na farko ƙauna ce ta yi gaggawa, kowane uba yana yafe shi, ko da zai yi faɗa ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwa. Na biyu shi ne zai sa ya riƙa tauna duk maganar da kika gaya masa. Ki kira shi da bakinki, ki fara da cewa katunan suna nan a wuri uku, sannan ki faɗi sauran ba tare da kin raɓa wa Joel ko Kawu laifin ba.

Ita kuwa kwamfutar, kada ku ɗora mata komai, ku bar ta har ya dawo. Malam Emmanuel ya ce mai irin wannan sana'a ya ɗora wa tasa Windos da hannunsa ya fi a ƙirga, ya san faifan da ke gaba da wanda ke biye, kuma ba mamaki lambar sirrin ɗora Windos ɗin, wadda ke jikin kwalin da kika zubar, tana cikin kansa. Tun da idonsa ya dushe kuke yi masa komai, kuna yanke masa shawara don tausayi. Yanzu zai dawo yana gani, ku tarbe shi da aikin da ba mai iya shi sai shi. Ki ja kujera kusa da shi, ki riƙa miƙa faifai kina rubuta kowane mataki, daga baya ku buga sunayen da ranakun a takarda a ɗinke. Ki koya da kyau, 'yata, domin wata rana wata uwa za ta yi sallama a ƙofar shagon nan tana neman ranar haihuwar ɗanta, kuma ke kaɗai za ta tarar.

Allah Ya ƙara wa idon Baba haske, Ya ja da ransa, Ya sanyaya zuciyarsa a kanki. Ki gaida Sulaiman, ki yi wa Kawu fatan girbi mai albarka.

Anti Saude