Tsallen Beathag

Na Hearadh, 9 ga Satumba

Zuwa ga Gwaggona Beathag,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da su Eilidh da jikoki a can Kanada. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan, ya sa sanyin bana ya zo da rangwame. Mu nan lafiya lau. An gama askin tumaki, dankali ya yi kyau, Baba kuma ya fara fita coci da sandarsa.

Gwaggo, tambaya ce ta sa na ɗauki biro. Mutanen ƙauye sun ɗora mini aikin tattara sunayen wuraren tsibirinmu na harshenmu na Gaelic, a buga su a taswira kafin tsofaffi su tafi da su. Wasu ba wuya. Cnoc na h-Iolaire tudun gaggafa ne, ko da yake rabon da a ga gaggafa a wurin tun ina yarinya. Tobar na Caillich rijiyar tsohuwa ce, kowa da tsohuwar da yake nufi. Amma tsagar dutsen nan da ke bayan makiyaya, wadda teku ke ruri a ƙarƙashinta, ita ake kira Leum Beathaig, wato tsallen Beathag. Shekara arba'in ina faɗin sunan, ban taɓa tambayar wace Beathag ba.

Na fara da maƙwabciyarmu Peigi. Ta yi dariya har da tari, ta ce ai gwaggona ce, wai tunkiya kika bi kika tsallake tsagar kina budurwa, don tun asali ba ki da tsoro kuma ba ki jin magana. Ta ce in je wurin Fionnlagh masunci, a bakinsa aka fara jin sunan.

Na same shi a kujera, bargo a ƙafa, shekararsa tamanin da takwas, numfashi sama-sama. Ya ce Peigi ta cika surutu, babu wata tunkiya. Wai a bakin tsagar ya ce yana son aurenki, kika dube shi, kika tattare siket kika tsallake, kika tsaya a ɗaya gefen kina kallonsa. Shi kuwa ya leƙa ƙasa, ya zagaya ta doguwar hanya. Kafin ya iso kin tafi gida, da bazara kuma kika hau jirgi zuwa Kanada.

Jiya na je na auna wurin da igiya. Taku bakwai ne, Gwaggo. Ni ko kusa da bakin ban iya tsayawa ba.

Fionnlagh ya roƙe ni in tambaye ki abu ɗaya, ya ce shekara sittin da biyar yana juya shi. Gudunsa kika yi, ko kuwa jira kika yi ki ga zai biyo ki? Likita ta ce da wuya ya kai Kirsimeti, saboda haka in za ki amsa, kada ki jinkirta. Na bar gurbin bayanin sunan a buɗe.

Ki gaida Eilidh da mijinta Ruairidh. Baba da Peigi suna gaishe ki.

'Yar ɗan'uwanki,
Oighrig