Soron Kaka Ya Tsage

Assalamu alaikum Yaya Sahabi.

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya Legas, ya nema? Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Sorayen nan da fataken goro suka jera a unguwarmu ta Gummi, yanzu na Kaka kaɗai ya rage. Na maƙwabta ma masu zinariya sun saya sun rushe, za su sa bulo. Shekaranjiya na hau sama na kwararo ruwa ta indararo, kamar yadda nake yi maka in kana alwala. Na laɓe ina jiran zagi. Akuya ce kawai ta ɗaga kai.

A can na ga bangon gabas ya tsage, har hannuna yana shiga. Inna ta ce in ruwan farko ya sauka ba a yi yaɓe ba, za ta yarda a sayar. Na kwaɓa ƙasa, amma wa zai miƙo mini? Don Allah ka zo kafin damina. Wallahi ba zan sa maka kwaɗo a takalmi ba.

Ka sa mu a addu'a. A gaida Hajara da yara.

Ƙanenka,
Bala