Wa Ya Sare Datsin Baba?

Zuwa ga Yayana Musaddiq,
Limawa, Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Ruwaida da yara. Ya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Na rubuto ne don maganar ba ta waya ba ce. Ambaliyar bana ta fasa datsin da marigayi Baba ya yi a rafi, wanda yake juyo ruwa zuwa lambunmu. Magudanar ta cike da yashi. Ka san tun rasuwar maigidana da albasar nan nake riƙe marayuna, ga lokacin dashe ya matso.

Yaya, na je wurin da kaina. Gefen da ya fashe a miƙe yake sambal, har da sawun bakin diga. Ruwa ba ya irin wannan yanka. Da na nuna wa Baffa Jaji, ko sunkuyawa bai yi ba, ya ce in bar wa maza aikinsu. Tun ranar ba ya yarda mu haɗa ido.

Ka gaishe da kowa.
Ƙanwarka, Adama.

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Saƙon buhunan da ka aiko ta Buji ya iso, Allah ya ƙara buɗi.

An yi gayya. An kafa turaku, an jera buhunan yashi, an danne da laka. Sai dai da aka zo yashe magudana, Baffa ya hana a taɓa tsohon bakinta na gindin tsamiya. Ya ce ƙasar wurin ta ruɓe, a haƙa sabuwa ta yamma. Ta yamma kuwa ai ta gaban lambunsa ke nan, mu sai abin da ya rage. Mai unguwa ya amince nan take, kamar dama sun gama magana.

Ƙanin mahaifinmu ne, kunyarsa nake ji. Amma mutumin da ko taki ba ya kai wa gonarsa, yau shi ne farkon zuwa bakin rafi, shi ne ƙarshen tashi. Gobe zan je wurin mai unguwa, ko da za a ce na yi rashin kunya.

Taka, Adama.

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jiki? Mu nan sai godiya.

Na je, na faɗi abin da na gani a gaban dattawa. Sai Baffa ya ce shi ya sare datsin. Wai da hantsin ranar ambaliyar, ruwa ya taru a bayan datsin, ya fara malala zuwa maƙabarta, har ya soma zaftare layin da Baba yake kwance. Ya rasa wanda zai kira a cikin ruwan nan, ya ɗauki diga. Bai faɗa ba don kada masu lambunan ƙasa, da ruwan ya shafe musu shinkafa, su taso masa. Malam Hussaini liman ya shaida cewa washegari shi da Baffa suka gyara kaburburan.

Na yi kuka, Yaya. Baffa ya dube ni ya ce, "Adama, ashe ɓarawon ruwa kika ɗauke ni?"

An yanke cewa ni ce da ruwan safe, shi na yamma. Jiya ruwa ya shigo fangalina, na fara dashe. Na aika masa da tuwo, aka dawo da kwanon ba a buɗe ba.

Na yarda da maganar maƙabarta. Amma na sake zuwa gindin tsamiya, na caka sanda, ƙasar nan da ƙarfinta, ban ga inda ta ruɓe ba. To, me ya sa ya hana a taɓa wurin?

Don Allah in ƙafar ta yi sauƙi ka zo ka raka ni mu ba shi haƙuri. Sai dai kafin mu shiga gidansa, ka fara biyawa ta gindin tsamiyar, ka taka wurin da kanka.

Ƙanwarka mai kewarka,
Adama.