Hajiya Rabi Ta Tambaye Ni Dalilin Waƙarmu

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa da ban girma, cikin sunan Ubangijinmu da kike hutawa a wurinsa. Yau wata biyu ke nan da tafiyarki, ina kuma da labarin da na san zai faranta miki rai.

Mama, akwai kuskuren da na daɗe ina yi, na ga matasan da nake koyarwa ran Lahadi su ma suna yinsa. Mun ɗauka duk wanda ya tambaye mu game da bangaskiyarmu gardama yake nema, sai mun haddace ayoyi da hujjoji kafin mu buɗe baki. Saura kaɗan wannan tunani ya raba ni da aminiyarki.

Kin san yadda kuke da Hajiya Rabi. Ƙofarki na kallon tata a gidan hayarmu na Agege tun ina firamare. Da Sallah ta aiko mana nama. Da Kirsimeti ke kuma ki kai wa mijinta, Alhaji mahauci, kazarmu ya yanka don su ma su ci. Da ciwo ya kwantar da ke, ita ke dama miki kunu.

Ranar da za a tafi da ke Kafanchan a binne ki, matan zumunta na cocinmu sun cika tsakar gida da safe, suna buga tulu suna waƙa. Ni ma na yi, hawaye na zuba. Ina kallo Hajiya ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Bayan mun dawo, gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice. Sai wata rana a bakin famfo ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Rifkatu, me ya sa kuka yi wa gawar uwarki waƙa?" Na ce zan zo in yi mata bayani.

Kwana huɗu ina shiri, Mama. Na cika shafi uku da rubutu. A cikin motar haya ta danfo, a hanyar makaranta, ina ta bitar amsar duk abin da za ta iya jefo mini. Tsorona shi ne in faɗi kalma ɗaya ba daidai ba, ƙofar nan ta rufu har abada.

Na same ta tana tsintar wake. Ta dubi takardun, ta ce, "Ke malama, jarrabawa na ce zan ba ki? Ajiye wannan ki yi mini magana."

A nan na tuna abin da kike gaya mini in na cika surutu: a ba mutum amsar abin da ya tambaya, sauran ya jira. Na ajiye takardun. Na ce mata mun yi kuka, har yau ina yi. Amma mun gaskata Yesu ya mutu domin zunubanmu, ya kuma tashi, ya yi alkawarin zai ta da duk wanda ya dogara gare shi. Ke kin dogara gare shi. Saboda haka waƙar rakiya ce, irin ta wanda ya kai nasa tasha yana sa ran za su sake haɗuwa. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Ta ajiye faifan waken. Can ta ce, "Mu ba haka muka yarda ba, kin sani. Amma ni na ɗauka kun gaji da jinyarta ne, kuna murnar kun huta."

Mama, ashe abin da ke cin ta ke nan duk makonnin nan. Ba addininmu take tuhuma ba, kishinki take yi. Muka zauna muka yi kukanki tare, ta turo mini faifan, muka ƙarasa tsintar waken. Na tashi jikina sakayau, kamar an sauke mini buhu daga ka.

Na san 'yan ajina za su karanta wannan wasiƙa, kin kuwa san ba ki taɓa hana su leƙen tukunyarki ba. Zan roƙe su su gwada: in wani ya tambaye su, su saurara har su gane abin da ke damunsa, sannan su faɗi abin da suka gaskata a taƙaice, cikin ladabi, su yi shiru.

Ubangiji ya ba ni irin bakinki mai sauƙi. Ya saka wa Hajiya da alheri, ya riƙe mu har ranar da zan sake ganinki.

Af, na kusa mantawa. Ina fita ta ƙwala mini kira, ta ce kada in kuskura in kai wa wani kazar Kirsimetin bana, Alhaji na nan da wuƙarsa.

Taki har kullum,
Rifkatu