A Fasa Kofin Dikon Ozell, A Bar Faya-fayan

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Makaɗan Blues ta Belzoni, Jihar Mississippi a Amurka, ke sanar da jama'a rasuwar ubanmu, Dattijo Dikon Ozell Pettiford, mai kamfanin faifai na Cane Bend. Da safiyar Litinin ni kakakin ƙungiyar na iske shi a barandar shagonsa rungume da akwatin faya-fayan asali, yana ta share su da hannun riga. Kafin rana ta take tsaka ya cika.

Marigayin ne ya bi gonakin auduga da na'urar naɗar murya a bayan tsohuwar motarsa, a zamanin da manyan kamfanonin birni ba su san da mu ba. Ya naɗi waƙoƙin makaho Tolliver Gaines mai goga wuyan kwalba a kan tsirkiyar jita, ya naɗi Mama Arzella Boone da wasu da dama da ƙasa ta rufe wa ido. Akasarin waƙoƙin nan ba a taɓa buga su ba. Faifai ɗaya tak kowace ke da shi, kuma yana cikin akwatin nan.

Muna roƙon Ubangiji ya ba 'yar'uwarsa, Uwargida Luvenia Pettiford, da ɗaukacin iyali juriyar wannan babban rashi.

Sai dai hankalinmu a tashe yake. Mun ji iyali sun shirya bin al'adar kakanninmu ranar Asabar, ta farfasa kayan da mamaci ya taɓa na ƙarshe a kan kabarinsa, kuma an riga an ajiye akwatin tare da kofinsa da fitilarsa. Ba mu raina al'ada ba, mu ma haka muka yi wa iyayenmu. Amma, ranki ya daɗe Uwargida Luvenia, da kunnena na ji marigayin a safiyar Litinin ɗin yana cewa: "Kai Hosea, sarkin zuru, buɗe kunnenka. In na tafi a fasa kofina, dama ya tsage. Waɗannan kuwa bakunan mutane ne, ba nawa ba."

Ba ni kaɗai na ji ba. Rabaran Cleophus Dandridge yana tsaye a bakin matakala, Uwargida Odessa Tate mai soya kifi tana miƙa wa marigayin kofin, ita ce ma ta yi dariya. A tambaye su kafin Asabar.

Hosea Whitlow
Kakakin Ƙungiyar Makaɗan Blues ta Belzoni