Tsohuwa Mai Fasasshen Kasko

Dutsen Baram,
Jihar Gongola.
Satumba, 1979.

Zuwa ga Yaya Jummai,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Maharazu da dukkan mutanen Soron Ɗinki. Yaya Hafsat da Binta? Na gode da kika riƙe mini su a wajenki kafin in zauna da gindina.

Bayan haka, na iso ƙauyen da aka turo ni bautar ƙasa. Yaya, ban san akwai irin wannan wuri a ƙasar nan ba. Inda Landiroba ta gaji ta tsaya, daga nan muka hau da ƙafa. Da safe gajimare har cikin ɗaki yake shigo mini, ga sanyi, ga ruwan sama ba sallama. Makarantar aji biyu ce. Hedimasta a gangare yake zaune, sai ranar kasuwa yake leƙowa, don haka kusan ni kaɗai ne.

Mutanen garin ne na kasa gane kansu. Kin san a wajenmu in baƙo ya sauka, kafin ya kwance kaya kwanuka sun cika zaure. A nan ko kofin ruwa babu wanda ya aiko mini. In na yi gaisuwa suna amsawa, ba su haɗe rai, amma iyakarta ke nan. Da ba don rishon da na taho da shi ba, da yunwa ta gama da ni.

Sai wani abin mamaki. Kullum da sassafe wata tsohuwa takan zo ƙofar ɗakina da fasasshen kasko a hannu, ta miƙo mini, babu komai a ciki. Ba ta jin Hausa, ni kuma ba na jin yarensu. Ta ɗan tsaya, ta dube ni, ta juya ta tafi. Na ɗauka bara ce, na zuba mata sukari a ciki. Ta juye mini shi a tafin hannu ta yi gaba.

Mun yi da Hafsat za su taho bayan Babbar Sallah. Yanzu kam zuciyata ta rabu biyu. Yaya zan kawo mace da goyo inda ba a san darajar baƙo ba?

Ki gaishe mini da kowa.

Ni ne ƙaninki,
Ƙasimu.

*

Soron Ɗinki, Kano.
Oktoba, 1979.

Auta,

Na gaishe ka, na kuma amsa gaisuwarka. Kowa lafiya. Binta ta yi haƙora biyu, tana gwada su a kunnen kowa. Hafsat ta karanta takardarka har ta kusa yagewa, amma in na kalle ta sai ta ce wai lissafin kwanakin Sallah take yi.

Nan gari ya cika da hayaniya, soja sun miƙa mulki. Malam Maharazu ya manne da rediyo, ko tuwo sai na yi masa magana sau uku. Kowa ya zama ɗan siyasa, har mai gyaran fitila na Ƙofar Na'isa yanzu jawabi yake yi.

To, mu koma kan tsohuwarka, don wallahi ta hana ni sakat. Ina tankaɗe ina tunaninta. Kai dai ka iya rubutu, amma ba ka iya kallo ba. Ka cika mini takarda da gajimare, abin da nake son ji ka bi ta kansa da gudu. Amsa mini waɗannan. Kaskon nan wankakke ne ko da baƙi a cikinsa? Akwai toka a gindinsa? Ƙofarka kaɗai take zuwa ko tana bin gida gida? In ta tafi, mutane suna kallonta ne ko kai suke kallo? Sannan mace mai bara da ta mayar da sukari, a ina ka taɓa ganin irinta?

Wani abu kuma, ka tambayi wani kuwa? Na san ka. Tun kana yaro gara ka ɓata a kasuwar Kurmi da ka tambayi hanya.

Kada ka yanke hukunci a kan mutane tun ba ka san me suke nufi ba. Maganar tahowar Hafsat tana nan yadda take, har na sa an ɗinka wa Binta rigar sanyi.

Allah ya tsare.

Yayarka,
Jummai.

*

Dutsen Baram.
Oktoba, 1979.

Yaya Jummai,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Takardarki ta zo, na yi dariya duk da ba na cikin jin daɗi.

Ga amsoshinki. Kaskon baƙi ƙirin ne a ciki, kuma akwai toka a shimfiɗe. Ƙofata kaɗai take zuwa. In ta juya, matan da ke tafiya rafi sukan tsaya su dube ni, su dubi juna.

Na san abin da za ki ce, wuta take nema. Ni ma na yi wannan tunanin. Na ɗauko ashana sabuwa, kwali guda, na sa mata a kaskon. Ta ɗauka ta jujjuya, ta ajiye mini a bakin ƙofa. To ba wuta ba ce. Hasali ma gidanta yana can saman nawa, ina hango hayaƙi yana tashi daga ɗakinta tun kafin ta sauko. Wanda wutarsa ke ci, me zai yi da tawa?

Na tambayi hedimasta, ya ce shi ma ba ɗan nan ba ne, in rabu da su, mutanen dutse sai su. Yaran ajina kuwa in na ɗauko zancen sai su sunkuyar da kai. Har na fara zargin ko wani asiri ake yi mini, na duƙufa da addu'a.

Yanzu ma ta daina zuwa. Tun da ta daina, yara suka fara raguwa a aji. Waɗanda ke amsa gaisuwata da baki, yanzu kai kawai suke ɗagawa. Ranar Sallah haka zan yi ta ni kaɗai, ni da risho. Yaya, ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba. Wani lokacin sai in wuni ban yi magana da babban mutum ba.

Na yanke shawara. Kada Hafsat ta taho. Ƙarshen wata mai zuwa zan tattara in sauko, in ya so takardar shaidar bautar ƙasar su riƙe abarsu. Na san aikin gwamnati zai yi mini wuya in babu ita, amma kasuwa ba ta ƙi kowa ba. Inda ba a son ka, zama wulaƙanci ne.

Kada ki gaya wa Hafsat tukuna, ni zan rubuta mata.

Ƙaninki,
Ƙasimu.

*

Soron Ɗinki.
Nuwamba, 1979.

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, don direban da zai kai wannan takarda gidan waya yana tsaye a zaure. An yi Sallah lafiya, an ajiye maka soyayyen nama.

Kai, Auta! Ashana? Kwali guda? Na karanta wajen nan na riƙe baki, sannan na yi dariya har Hafsat ta leƙo ta ce lafiya. Ba laifinka ba ne. Ka tashi a makarantar kwana, ka dawo ka tarar da risho, kuma ku maza ina ruwanku da madafi, ku dai a miƙo muku kwano.

Zauna in ba ka labari. Lokacin ba a haife ka ba, Inna, Allah ya jiƙanta, ta yi faɗa da maƙwabciyarmu 'Yardada a kan kwata. Aka daina gaisuwa, aka hana mu shiga gidan juna. Abin ya daɗe har ya ishi kowa, amma babu mai sunkuyawa ya ce a yi haƙuri. Rannan da safe Inna ta miƙo mini kasko ta ce in je gidan 'Yardada in ɗebo wuta. Na ce, "Inna, ga wutarmu tana ci, har ruwa ya tafasa." Ta ce, "Na tambaye ki?" Na tafi ina jan ƙafa. 'Yardada ta dube ni, ta dubi hayaƙin gidanmu da ke tsallako katanga. Ta zaɓo manyan garwashi ta zuba mini. Da la'asar sai ga ta ta shigo da sallama, wai ta zo aron maburgi. Faɗa ya ƙare ke nan.

Ka gane? Mai zuwa ɗiban wuta alhali tasa na ci, ba wutar ce ta kawo shi ba. Ashana a kanti ake sayenta. Garwashi kuwa sai daga murhun mutum.

Ban san al'adar mutanen dutse ba, ban taɓa hawan abin da ya fi dutsen Dala tsawo ba. Mai yiwuwa na yi kuskure. Amma ina jin tsohuwar nan ta yi ta sauko maka cikin sanyi, kai kuma kana korar ta da sukari. In haka ne, a ganinsu kai ne ba ka son mutane.

Kafin ka ɗaure kaya, yi mini abu ɗaya. Ka kashe rishon nan, ka samo duwatsu uku da itace, ka hura wuta irin ta mutane. Tunda ta daina zuwa, kai ka hau ka kai mata. In ta kore ka, sauko, ni da kaina zan tare ka a tasha, ba kuma zan yi maka gori ba. To, zan ɗan yi, amma kaɗan.

Ban gaya wa Hafsat komai ba. Tana nan tana ta ninke kaya tana warwarewa. Kuma don Allah ka buɗe ido, ina son in ji komai, har yadda cikin ɗakinta yake.

Yayarka,
Jummai.

*

Dutsen Baram.
Nuwamba, 1979.

Yaya,

Gaisuwa da godiya. Ban san ta inda zan fara ba.

Na yi yadda kika ce. Itacen nan jiƙaƙƙe ne, na sha hayaƙi har idona ya yi ja, yara suna leƙe ta bayan aji suna ƙunshe dariya. Da garwashi ya samu na rasa kasko, sai na kwashe a murfin tukunya na kama hanya. Hannuna ya ƙone, na naɗe shi da hula. Ga tudu, ga yayyafi, ga mata sun ajiye tulu suna kallo. Malamin makaranta guda, kai babu hula, yana hawan dutse da murfin tukunya. Kunya kamar in nutse.

Da na isa ƙofarta na duba murfin, Yaya, wutar ta mutu. Gawayi ne kawai, baƙi, a jiƙe. Ban yi dabarar rufe shi da toka ba. Na tsaya ban san abin yi ba, har na fara juyawa.

Sai ga ta ta fito. Ta dubi gawayin, ta dubi hannuna, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ta karɓi murfin ta shige, ta juye gawayina a cikin murhunta, ta fifita har ya kama tare da nata. Sannan ta ɗauko kaskon nan nata, ta shimfiɗa toka, ta zuba garwashi, ta rufe, ta ɗora mini a hannu. Ta shafa mini wani mai a ƙunar. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, na bar shi a kan hayaƙi ne.

Kin ce in duba ɗakin. Murhun a tsakiya yake, masara a rataye a sama ta yi baƙi da hayaƙi, ga ɗan maraƙi a gefe yana jin ɗumi. Dada ake ce mata.

Kafin azahar ƙofata ta cika. Masara, ayaba, madara, har da kaza. Jauro, wato mai garin, ya zo da kansa, ashe yana jin Hausa sarai. Ya ce su a nan ba sa fara kai wa baƙo abinci, kada ya ji kamar an mayar da shi mabaraci. Sai su tura babbar tsohuwar gari ta roƙi wuta a wajensa, don ya zamana shi ya fara yi musu alheri. Daga nan duk abin da suka kawo, ramuwa ce. Na ce, "To don me ba a gaya mini ba?" Ya ce, "Malam, in an ce maka ka bayar, ai ba kai ka bayar ba."

Sannan ya matso, ya yi ƙasa da murya ya ce akwai abin da suka daɗe suna son sani. Wai da gaske ne mutanen Kano ba sa son baƙi?

Yara sun dawo aji. Dada ta nuna goyo da hannu tana tambaya, na ce suna nan tafe. Ki turo mini su, Yaya.

Ƙaninki mai godiya,
Ƙasimu.

*

Soron Ɗinki.
Disamba, 1979.

Auta,

Alhamdu lillahi. Hafsat da Binta za su taso ranar Asabar, Malam Maharazu zai rako su har inda mota ta tsaya.

Ka gaya wa Jauro cewa mutanen Kano suna gaishe shi, kuma kada ya auna mu da kai.

A cikin kayan Hafsat, a tsakiyar zannuwa, na naɗe wani tsohon kasko mai tsaga a baki. Shi ne wanda Inna ta aike ni da shi gidan 'Yardada. Ban taɓa barin kowa ya taɓa shi ba. Na gaya wa Hafsat, washegarin da ta sauka, ko da wutarku na ci, ta ɗauke shi ta hau wajen Dada.

Yayarka,
Jummai.