Babur Ɗin Dogo Ya Fi Ƙarfina

Malam mai fili, sallama da fatan alheri. Don Allah ka taimake ni da shawara. Na san an fi kawo maka maganar ma'aurata, to ni tawa ta babur ce, kada ka yi dariya. Ko da yake idan ka yi ma ba laifi, na daɗe ban ji an yi dariya a kusa da ni ba.

Sana'ata gyaran famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyuka. Na haura shekara hamsin, matata ta rasu da jimawa, 'yata tilo tana gidan mijinta a wani gari mai nisa. Tun ina da ƙuruciyata nake wannan aiki tare da wani amini da kowa ke kira Dogo, ni kuma ana ce mini Gajere, kuma wallahi ba a zalunci kowa a cikinmu ba. Shi yana gaba a kan ƙaton babur ɗinsa irin mai tsayin nan da ake yi don kwalta da daji, ya ɗaure manyan sifanu na kwance noti da bututu a baya. Ni ina biye a kan ɗan ƙaramin babur na cikin gari, ina shan ƙurarsa ina mita. In yashi ya kayar da ni, ya juyo ya ɗaga ni yana tsokanata wai ƙasa ce take kewar ɗanta. In shi ya faɗi, mu haɗu mu ɗaga nasa, don ko shi da tsawonsa sai ya yi nishi.

Bara ciwon suga ya taɓa masa ido. Da farko ramuka ne ba ya gani sai ya faɗa, daga baya har mutum sai ya yi magana yake gane shi. Dole ya ajiye aiki. A daidai lokacin nan injin nawa babur ɗin ya buga, bakanike ya ce gyaransa ɓata lokaci ne. Da Dogo ya ji, sai ya aiko in zo. Na same shi a ƙofar gida ya sa an wanke babur ɗinsa har yana ƙyalli. Ya laluba hannuna ya danƙa mini makulli, ya ce kyauta ce, abu ɗaya kawai yake roƙo, duk safiyar da zan fita in biyo ta ƙofar gidansa don ya ji ƙarar injin. Ya ce a cikin babura dubu zai gane nasa da kunne. Uwargidansa tana tsaye a bakin ƙofa tana share hawaye. Malam, ka ce in yi yaya? Na karɓa.

To babur ɗin nan ya fi ƙarfina. Idan na hau, yatsun ƙafata ne kawai ke taɓa ƙasa, shi ma sai na karkace. A kan kwalta lafiya lau, tafiya yake kamar ruwa. A kan burji mai tsakuwa ma ba laifi muddin ban tsaya ba. Tsayawar ce tashin hankali, sai na riƙa neman dutse ko tudu in dafa ƙafa. Na daure haka nan, kullum in biyo ta gidan Dogo in murɗa masa wuta, shi kuma ya ɗago hannu daga kan benci.

Watan jiya ina dawowa daga wani ƙauye da rana tsaka, na gangara wani kwazazzabo mai yashi, tayar gaba ta nutse, babur ya kwanta a kan ƙafata. Salansar babur ɗin mai zafi ta ƙone mini ƙwauri. Na yi iya ƙoƙarina in ture shi, ko motsi bai yi ba. Wayata babu sabis. Abin da ya fi ƙunar zafi shi ne sai na tsinci kaina ina kallon gaba, ina jiran in ga Dogo ya juyo. Na san yana gida a kan benci, amma idona ya ƙi barin hanyar. Ina nan kwance har inuwar gaɓar ta rufe ni, sannan Allah ya kawo wasu mata biyu masu itace suka ɗaga mini shi. A hanyar gida na yi kuka a cikin hular kwano, ban ɓoye maka ba.

Ban gaya wa kowa ba. 'Yata za ta ce in bar aikin, ni kuma in na bar shi me ya rage mini? Ɗaki ne da rediyo da butar shayi. Tun ranar na jingine babur ɗin a zaurena na rufe shi da tsohon bargo, ina bin motocin kasuwa zuwa ƙauyukan da suke kaiwa, sauran kuwa famfunansu na nan a lalace, suna ta aiko mini. Gidan Dogo kuma na daina zuwa. Ya kira ni a waya, na ce masa zazzaɓi nake. Ya sake kira, na ce ana sauya sarƙa. Yanzu ya daina kiran, kuma shirun nan ya fi damuna.

Na leƙa shagon masu sayar da babura, na ga guda biyu da aljihuna zai iya. Ɗaya shi ma na kwalta da daji ne, amma ƙarami, ba nauyi, tayoyinsa masu haƙora, na hau ƙafata ta sauka daram. Ɗayan irin nawa na da ne, na cikin gari, mai shagon ya ce a sauya masa taya kawai ya shiga ko'ina, kuma kowane bakaniken ƙauye ya san shi. Na tsaya a tsakaninsu kamar mai zaɓen mata, babu wanda zan juya in tambaya, don duk abin da na taɓa saya mai inji Dogo ne ya zaɓa.

Wanne zan ɗauka? Kuma ko wanne na ɗauka, ranar da na biyo ta ƙofar gidansa zai ji ba nasa ba ne. Mutumin da ido ya tafi, aiki ya tafi, abu ɗaya ya roƙe ni, shi ma in kasa? Ko in daure in ci gaba da hawan nasa, in Allah ya tsare shi ke nan? Ina jin kewarsa ƙwarai, kuma ni na nesanta kaina da shi.

Naka,
Gajere mai famfo

*

Ɗan'uwa Gajere, amin wa alaikassalam. Sannu da wannan jarrabawa, Allah ya ba ƙafarka lafiya. Ina fata ka kai ƙunar nan an duba, in ba ka kai ba ka fara da wannan. Ban yi dariya ba, sai a wurin ƙasa mai kewar ɗanta. Kafin in zauna a kan teburin nan na yi aikin malamin gona, na san yadda yashi ke yi wa mutum in ya same shi shi kaɗai.

Mu fara da ƙarfe, shi ya fi sauƙi. Kada ka sake shiga daji da babur ɗin Dogo. Babur ne mai kyau, amma an saye shi ne lokacin da kuke ku biyu, kuma kai da bakinka ka ce ko mai shi sai da taimako yake ɗaga shi. Mai tafiya shi kaɗai ba ƙarfin inji yake fara dubawa ba. Yana duba abu biyu: in ya tsaya ƙafarsa ta kama ƙasa, in ya faɗi ya iya ɗagawa ba tare da jiran masu itace ba. Ka roƙi mai shago a shimfiɗa kwali a kwantar da babur ɗin, ka ɗaga shi da kanka, kana tuna cewa a daji akwai sifanu da cikakken tanki a kansa. Wanda ya ƙi tashi, bar masa kayansa.

A cikin biyun, mai shago bai yi ƙarya ba da ya ce na cikin gari kowa ya iya gyaransa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kwana a ƙauye. Amma sauya taya ba ya ɗaga cikin babur daga ƙasa, ba ya ƙara wa shokozoba mai rage girgiza tsawo. Duwatsu za su ci gaba da dukan injin, ƙugunka kuma ya biya sauran, ga shi ba yaro ba ne kai. Ni ƙaramin na dajin zan ɗauka, da sharaɗin ka tabbatar ana samun kayan gyaransa a kusa da kai, kuma kariyarsa ta baya, inda ake ɗaure kaya, za ta ɗauki kayan aikinka. In babu kayan gyara, to ka koma wa na garin da zuciya ɗaya. Ko wanne ne, kada ka fita ba tub na taya da kayan faci da ruwan sha.

Yanzu maganar da ta sa ka rubuto. Na fahimci tsoronka, ba ka son ka ƙara wa mai ciwo ciwo. Amma ka dubi abin daga kan bencinsa. Shi bai san da kwazazzabo ba, bai san da ƙuna ba. Abin da ya sani shi ne ya makance, ya ba amininsa mafi tsadar abin da ya mallaka, amininsa ya ɗauke ƙafa. Me kake tsammani yake gaya wa kansa? Mutumin da ke gane inji da kunne ya gane zazzaɓin ƙarya tun a kiran farko, shi ya sa ya yi shiru. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ka je gobe da ƙafarka, ka ɗora hannunsa a kan tabon, ka gaya masa yadda ka kwanta kana jiran ya juyo. Zai yi maka faɗa, wataƙila ya yi tsokana, ka bar shi ya yi, ya daɗe bai samu ba.

Daga nan ka riƙe hannunsa ku tafi shagon tare. Ka ce duk abin da ka saya mai inji shi ya zaɓa, to me ya sauya? Idonsa ne ya tafi, kunnensa na nan. A tayar masa da baburan ya saurara. Nasa babban kuma ka mayar zaurensa, ka riƙa zuwa ranar hutu kuna tayar da shi don kada batir ya mutu, kuna shan shayi. In ya ga dama ya sayar daga baya, shawararsa ce. Sannan ka ba shi aiki. Babu wanda ya san hanyoyin nan kamarsa, don haka duk safiya ka gaya masa ƙauyen da ka nufa da hanyar da za ka bi, in ka isa ka kira shi, in lokaci ya wuce bai ji ka ba ya tayar da mutane. 'Yarka ma ka gaya mata, za ta fi samun natsuwa in ta san akwai mai lura da kai.

Ba babur ɗinsa yake son ji da safe ba, ɗan'uwa, kai yake son ya ji ka wuce. Sabuwar ƙara kuwa ba za ta ɗauke shi kwana biyu bai haddace ta ba, tunda shi zai zaɓe ta. Allah ya ba Dogo lafiya, ya tsare maka hanya, ya bar ku tare.